Shin da gaske gwamnatin Birtaniya ce ke biya wa kowa kuɗin haya?

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida bayan sallar isha'i, waya a hannu, sai murmushi yake yi. Ya nuna mini bidiyon wani saurayi a cikin falo mai kafet, yana zagayawa da kyamara daga kicin zuwa banɗaki, yana cewa duk wannan gwamnatin Birtaniya ce ke biya masa, ko sisi ba ya cirewa daga aljihunsa. "Kawu," in ji yaron, "ka ga ni ma da zarar na shiga, maganar haya ta ƙare." Filin da ya gada daga mahaifinsa yake shirin sayarwa don neman bizar karatu, kuma lissafinsa gaba ɗaya a kan wannan bidiyon ya ɗora shi. Na san ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na ga ya wajaba a warware zare da abawa.

Tallafin dai akwai shi. Tun farkon shekarun 1980 Birtaniya ke taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin haya, sannan a watan Afrilun 2008 aka fito da tsari na musamman ga masu haya a gidajen 'yan kasuwa, wanda ake kira Local Housing Allowance. A yau yawancin waɗanda shekarunsu ba su kai na fansho ba suna karɓarsa ne a cikin dunƙulallen tallafin Universal Credit da aka fara a 2013. Sai dai masu yaɗa bidiyo ba sa faɗin wanda ya cancanta, ba sa faɗin ko nawa ne.

Wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu, ko ta aiki, ko ta kula da tsofaffi da marasa lafiya, kusan kullum akwai sharaɗi a jikin izinin zamansa cewa ba shi da haƙƙi a kan tallafin gwamnati. Dokar shige da fice ta 1999 ce ta tanadi haka, kuma tallafin haya yana cikin abubuwan da aka hana shi. In ya nema ya karɓa, ya karya sharaɗin bizarsa, abin da zai iya jawo masa matsala ranar da ya je sabuntawa. Ƙofar ba ta buɗuwa sai ya sami izinin zama na dindindin, wanda ma'aikaci kan nema bayan shekara biyar, kuma shekarun da mutum ya yi yana ɗalibi ba sa shiga wannan lissafin. A 2025 ma gwamnati ta bayyana aniyar tsawaita wa'adin zuwa shekara goma. Ke nan ɗan ƙanwata da ire-irensa za su biya haya da guminsu tun daga ranar farko, har da kuɗin ajiya da kan kai hayar mako biyar.

Shi kansa ɗan ƙasa ba hannu kawai yake miƙawa a zuba masa ba. In ajiyarsa ta haura fam 16,000, ba shi da rabo. In gwauro ne da bai kai shekara 35 ba, kuma ba shi da yara, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka za a lissafa masa, inda zai raba kicin da banɗaki da wasu. In mai iyali ne, ana ƙirga masa ɗakuna da ƙa'ida: yara biyu da ba su kai shekara 10 ba ɗaki ɗaya, haka ma biyu jinsi ɗaya da ba su kai 16 ba, kuma komai yawan iyali ba a wuce ɗaki huɗu. In yana aiki, ana zaftare kwabo 55 daga tallafin a kan kowane fam ɗaya da ya samu sama da abin da aka yafe masa. Kuɗin farko kuwa sai ya jira kimanin mako biyar.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne adadin. Ba hayar gidan da kake ciki gwamnati ke dubawa ta biya ba. An raba Ingila zuwa yankunan haya 152, kuma jami'ai na tattara farashin gidajen kowane yanki. A ce a jera gidaje ɗari masu ɗaki biyu, daga mafi araha zuwa mafi tsada, kamar yadda ake jera raguna a kara gab da layya. Sai jami'i ya fara ƙirgawa daga ƙaramin rago, ya tsaya a kan na talatin. Kuɗin wannan shi ne iyakar abin da za a ba ka. Sauran saba'in ɗin, in ka so ɗaya daga cikinsu, kai za ka cika. Da can a kan na hamsin ake tsayawa, wato tsakiyar kasuwa, sai a 2011 aka sauko da shi zuwa na talatin. Kuma raguna talatin ɗin nan masu araha ba kai kaɗai ke nemansu ba, ɗalibai da ƙananan ma'aikata da kowa a kansu yake rububi.

Ko a hakan ma da sauƙi, da a ce ana sake ƙirgar kowace shekara. Amma daga 2016 zuwa 2020 an daskarar da adadin. Da annobar korona ta zo aka ɗaga shi, sannan aka sake barinsa a wuri ɗaya har Afrilun 2024, aka gyara, aka kuma daskarar da shi a 2025. Haya kuwa ba ta jiran kowa. Kamar maigida ne ya yanke kuɗin cefane a kan farashin shinkafar shekara uku da suka wuce, ya ce uwargida ta ci gaba da dafa tukunya iri ɗaya. Ko a auna yaro yana ɗan shekara shida a ɗinka masa riga, a ce ita zai sa har ya kai tara. Rigar ba ta ragu ba, amma ba ta rufe cibiya. A ce iyakar tallafi fam 800 ce a wata, haya ta kai 1,000: wannan 200 ɗin daga kuɗin abinci da na ɗumama gida a lokacin sanyi za ta fito. A ganina wannan rage tallafi ne a ɓoye, domin babu ministan da ya tsaya ya ce ya rage, amma talaka ya ji a jikinsa.

Ga kuma masu gidajen. Shekara da shekaru ana ganin tallar gidan haya ɗauke da gargaɗin cewa ba a karɓar mai cin tallafin gwamnati. Sai a watan Yulin 2020 wata kotu a birnin York ta yanke hukuncin cewa irin wannan wariya ta saɓa wa doka. Amma hukunci ba ya shiga zuciya. Mai gidan da mutum goma ke layi a ƙofarsa ya san wanda zai zaɓa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Asalin matsalar a wajen gini take. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu zama a gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da rangwame. An sayar da kusan miliyan 2 a Ingila, ba a kuma gina madadinsu yadda ya kamata ba. Da yawa daga cikin gidajen nan sun koma hannun 'yan kasuwa, yanzu gwamnati na biyan haya mai tsada a kan gidan da jiya nata ne. A yau iyalai fiye da 100,000 a Ingila suna zaune a masaukai na wucin gadi, wasu a otal, iyaye da yara a ɗaki ɗaya. Tallafin haya ba tare da gina gidaje ba zuba ruwa ne a rariya: kuɗin na wucewa ta hannun ɗan haya ya faɗa aljihun mai gida. Duk gwamnatin da ke tunanin kwaikwayon wannan tsari ya kamata ta fara da wannan darasin.

Ba na hana kowa tafiya neman ilimi ko arziki. Abin da nake roƙo shi ne a yi lissafi da gaskiya. Masu ɗaukar bidiyo su ji tsoron Allah, domin maganar minti ɗaya na iya raba maraya da gadonsa. Kai kuma mai shirin tafiya, karanta sharuɗɗan bizarka kalma bayan kalma, ka tambayi wanda ke zaune a garin da za ka nawa yake biya a wata, ka ninka sau goma sha biyu kafin ka kira dillalin fili. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.