Ƙwayar cutar kwamfuta: Yadda aikin fim na wata uku ya salwanta a dare ɗaya

Duk wanda ya san harkar fim ya san cewa bayan an tashi daga lokeshin, rayuwar fim ta koma cikin kwamfutar edita. To, a can Zawaciki, kan hanyar Panshekara, na iske wani abokina edita ya yi tagumi a gaban tasa. Aikin wata uku ne a ciki, amma ko sin ɗaya ya ƙi buɗuwa.

Abin da ya faru shi ne ya shiga intanet neman manhajar tace fim ta bulus, irin wadda aka fasa. Shafin ya ce sai ya kashe antibairos kafin ta hau. Ya kashe. Washegari sai ga wasiƙa a allo: ya biya kuɗin fansa ko ya yi asarar komai.

Irin wannan cuta ba sabuwa ba ce. Akwai wadda ake kira STOP/Djvu, da ta fara yaɗuwa a 2018 ta cikin manhajojin sata, tana neman dala 980. A watan Mayu 2017 kuma WannaCry ta afka wa ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila sai da ta tsayar.

Shin yaya antibairos ke aiki? Na farko, yana da kundin kamannin cututtukan da aka sani, kamar ɗan sanda mai riƙe da hotunan ɓarayi. Duk fayil ɗin da ka sauke sai ya gwada shi da kundin. Shi ya sa in ba ka sabunta shi, sabon ɓarawo zai wuce ta gabansa. Na biyu, yana lura da ɗabi'a: in ya ga wata manhaja na kulle fayiloli barkatai, sai ya taka mata birki. Na uku, ya killace abin da ya kama, ya jira ka goge ko ka sake shi. Sai dai fa in cutar ta riga ta kulle aikinka, goge ta ba zai dawo da fim ba.

Ku ma 'yan kallo abin ya shafe ku. Mai neman sabon fim kyauta a shafin da bai sani ba, ko mai kai waya wajen 'yan tura finafinai a Farm Centre, yana iya kwaso abin da zai leƙa masa asusun banki. In Chrome ya nuna maka jan allo, koma baya. Bar Play Protect a kunne. Windows 11 na zuwa da Microsoft Defender. Windows 7 kuwa tun Janairu 2020 aka daina yi mata gyara.

Abokin namu dai furodusa na jiran sa, kuma bai ajiye kwafi a wani hadis ba. Editoci, kun ji: kwafi biyu, ɗaya a cire shi daga jikin kwamfuta.