Ɗan Idon da ke Kashe Fuskar Waya Lokacin Kira

A saman fuskar wayar shafa, kusa da ɗan ramin da murya ke fitowa, akwai wata na'ura da ba ta fi ƙwayar dawa girma ba. Masu gyaran waya sensa suke ce mata, kuma aikinta guda ne, wato ta gane ko wani abu ya matso jikin gilashin. Idan aka kara waya a kunne, sai ta sanar, fuskar ta ɗauke, taɓi ya daina aiki. Da zarar an janye wayar, haske ya dawo. Abin yana faruwa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa mutane da yawa ba su san da zamanta ba sai ranar da ta samu matsala.

Dalilin sanya ta yana cikin yadda gilashin kansa ke aiki. Fuskar wayar zamani ba ta auna nauyin yatsa. Abin da take ji shi ne canjin da fatar mutum ke kawowa ga 'yar wutar lantarkin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin gilashi. To, kunci fata ne, kunne ma fata ne, kuma gilashi bai san bambancinsu da yatsa ba. Ba don sensa ba, mutum na tsakiyar magana kuncinsa zai danna wurin rufe murya, ko ya yanke kiran, ko ya buɗe sifika jama'a su ji sirrinsa, ko ma ya kira wani daban kuɗin kati su tafi a banza. Dalili na biyu shi ne caji. Fuska na cikin abubuwan da suka fi shan batir da ɗumama waya, kuma babu amfanin ta yi ta haska kunnen da ba ya gani. A gari irin Sakkwato, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 kuma wuta ba ta da tabbas, wannan tanadi ba ƙarami ba ne.

Lokacin da layukan MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, babu wanda ya damu da wannan batu. Wayoyin zamanin, irin su Nokia 3310, masu madanni ne, sai an matsa da ƙarfi suke amsawa, kuma mai waya da hannunsa yake kulle su kafin ya jefa a aljihu. Buƙatar ta taso ne da wayar da fuskarta duk gilashi ce. A watan Janairun 2007, da Steve Jobs ya gabatar da iPhone ta farko a Amurka, ya ambaci na'urori uku da aka saka mata: mai auna kusanci, mai auna hasken wuri, da mai auna motsi. Yau har wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, waɗanda suka cika hannun Sakkwatawa, a kan wannan tsari suke tafiya.

Sensa ta asali ɓangare biyu gare ta, a jere kamar maƙwabta. Ɗaya ƙaramin ƙwai ne mai fitar da hasken infared, wanda idon ɗan Adam ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke aikawa. Ɗayan kuma ido ne mai jiran wannan haske ya dawo. Idan gaban wayar fili ne, hasken ya tafi ke nan. Idan kuwa ya ci karo da kunne ko tafin hannu, sai ya dawo, idon ya auna yawansa. In ya kai gejin da aka yanka, wanda galibi yake daidai da tazarar santimita 5 ko ƙasa da haka, waya ta ɗauka tana kunne. Akwai wata dabara a nan da ta dace da ranar Sakkwato. Hasken rana cike yake da infared, da zai iya ruɗa idon. Saboda haka ƙwan ba ya zama a kunne. Ƙyaftawa yake yi da sauri, idon kuma yana auna haske lokacin da ƙwan ke kunne da lokacin da yake kashe, ya ɗebe wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne hasken da ya dawo daga fata.

Da kamfanoni suka shiga gasar faɗaɗa fuska har bakin waya, sai wurin ajiye sensa ya yi ƙaranci. Wasu suka tura ta ƙarƙashin gilashin. A 2016 kamfanin Xiaomi ya fito da Mi Mix, wadda ta yi amfani da fasahar Elliptic Labs na ƙasar Norway: maimakon haske, wayar na fitar da sautin da ya fi ƙarfin jin kunne, makirufo ya saurari amsa-kuwwarsa, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Wasu wayoyin, musamman masu sauƙin kuɗi, ba su da idon infared sam. Manhaja ce ke haɗa labarin da na'urar motsi da gilashin taɓi suka bayar, ta yi kirdadon cewa an ɗaga waya zuwa kunne. Kirdado kuwa yana iya kuskure. Wanda ya amsa kira yana kishingiɗe a tabarma, ko ɗan kasuwar da ya maƙale waya tsakanin kafaɗa da kunne yana ƙirga canji, bai yi irin motsin da manhajar ke jira ba, sai fuskar ta zauna a kunne kunci ya yi ta ɓarna. Mai irin wannan waya yakan yi ta zarya wurin mai gyara alhali babu abin da ya lalace. Haka aka ƙera ta.

Matsalar sensa iri biyu ce. Ko dai fuska ta ƙi mutuwa, ko ta mutu ta ƙi tashi, mutum ya gama magana ya rasa inda zai danna ya kashe. Ta biyun, sanadinta sau da yawa ba ya wuce datti. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin gilashin kariya, ta haɗu da maiƙon fuska da gumi, ta yi danƙo daidai kan idon. Hasken da ƙwan ya fitar sai ya bugi wannan datti ya dawo nan take, wayar ta ɗauka kullum tana kunne. Gilashin kariya mai baƙin baki da aka liƙa a karkace yana jawo haka, rigar waya mai kauri ma haka. Matan da ke soke waya cikin hijabi su ci gaba da aiki ba su da damuwa muddin tana manne da kunci. Amma in ta zame, mayafi ya yi ta rufe idon yana buɗewa, fuskar takan riƙa farkawa tana amsar taɓi.

Sai kuma canjin fuska. Tsakanin ƙwan da idon akwai 'yar baƙar roba da ke raba su don kada haske ya tsallaka kai tsaye. Idan fuska ta fashe aka kai gyara, wannan roba takan faɗi a teburin mai gyara ba tare da an lura ba, ko kuma sabuwar fuskar, cikin masu arha da ake sarowa daga kasuwar Farm Centre a Kano ko Ikeja a Legas, ta zo da tagar da ba ta yi daidai da idon ba. Ya kamata a gwada kira tun kafin a bar shagon. Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga matsalar sensa ba: a 2010 masu iPhone 4 sun yi ta kukan kunci na yanke musu kira, sai da Apple ya fitar da gyaran manhaja a watan Satumba.

Gwajin ba shi da wuya. A kira 300, lambar kula da masu layi da hukumar NCC ta daidaita wa dukkan kamfanonin sadarwa a 2023, a ɗora tafin hannu a saman fuska, a ɗaga. In ta mutu ta tashi, lafiya lau. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# na buɗe shafin gwaji da ke nuna aikin sensa. A lura cewa idan sifika na buɗe ko an saka abin kunne, yawancin wayoyi suna dakatar da sensar da gangan. Saƙon murya na WhatsApp ma da ita yake aiki. Ita ce ke sa murya ta koma ƙaramin ramin kunne, fuska ta yi baƙi, idan yatsa ya gifta ta saman waya.

Mutuwar fuska lokacin kira ba kulle ba ce. Idan waya a buɗe take aka fara magana, a buɗe za ta dawo, babu tambayar lambar sirri ko zanen yatsa, kuma wanda ya fizge ta daga kunnen mai ita a bakin titi ya same ta da manhajar banki da saƙonni a fili. Akwai manhajojin da ake saukewa masu alkawarin kulle waya ko buɗe ta da wulga hannu, sai dai suna barin sensa a kunne yini guda, kuma sukan nemi izinin iko da wayar gaba ɗaya, wanda ba kowace manhaja ta cancanci a ba ta ba. A 2024 Google ya ƙara wa wayoyin Android 10 zuwa sama wani tsari da ke amfani da na'urar motsi: in ta ji fizga mai ƙarfi, gudu ko tafiyar babur ta biyo baya, sai ta kulle fuskar da kanta. Ana samun sa a saitin waya, ƙarƙashin sashen kariya daga sata, kuma a wayoyi da dama sai mai ita ya shiga ya kunna shi da hannunsa.