Jirgin da ya fi sauti gudu na shirin dawowa: Ina ruwan Kano da batun?

A ranar 28 ga Oktoba, 2025, wani jirgin gwaji mai dogon hanci da ake kira X-59 ya tashi karon farko a Jihar Kalifoniya ta Amurka. Hukumar NASA ce ta sa kamfanin Lockheed Martin ya ƙera shi domin amsa tambaya guda: shin jirgi zai iya zarce gudun sauti ba tare da ya razana mutanen da ke ƙasa ba? Amsar ta shafi ɗan kasuwar Kantin Kwari mai zuwa Dubai ko Chaina, ta kuma shafi mazaunin Gwale da bai taɓa shiga jirgi ba.

Sauti yana cin kimanin kilomita 1,235 a awa ɗaya a kusa da doron ƙasa, yayin da jiragen fasinja na yau ke cin kimanin 900. Idan jirgi ya wuce gudun sauti, iskar da ke gabansa ba ta samun sukunin kaucewa, sai ta dunƙule ta sauko ƙasa da ƙara irin ta aradu. Wannan tsawa ba sau ɗaya take faɗuwa ba. Tana bin jirgin duk inda ya nufa, kuma duk garin da ya ratsa sai ya ji ta.

An ga illarta a 1964, lokacin da Amurka ta shafe wata shida tana gwaji a saman birnin Oklahoma. Gilasai sun farfashe, bangaye sun tsage, dubban mutane suka kai ƙorafi. A 1973 ƙasar ta haramta wa jiragen farar hula irin wannan gudu a saman ƙasarta.

Wannan ne ya takure Concorde, jirgin da Birtaniya da Faransa suka ƙera, wanda ya fara jigilar fasinja ranar 21 ga Janairu, 1976. Yana ninka gudun sauti, yana kai mutum ɗari daga Landan zuwa New York cikin kusan awa uku da rabi, amma galibi sai a saman teku yake sakin gudu. Ga shan mai, ga tsadar tikiti. Bayan haɗarin da ya kashe mutum 113 kusa da Paris a Yulin 2000, aka jingine shi a 2003.

A nan ne batun ya iso Kano. Birnin ya daɗe a harkar sufurin sama: nan jiragen farko suka sauka a Najeriya a Nuwamban 1925, kuma ya yi shekaru yana zangon shan mai ga jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka. Sai dai hanyoyin da Bakano ya fi bi, wato Jidda da Alkahira da Dubai da Landan, mafi yawan tsawonsu a saman ƙasa suke. Jirgi irin Concorde ba zai rage wa maniyyaci wani abin kirki daga kusan awa biyar da yake yi zuwa Jidda ba, tunda ba za a bar shi ya yi gudun ba. Saboda haka, idan ba a magance tsawar ba, Kano ba ta da rabo a wannan fasaha.

Dabaru biyu ake gwadawa. Ta farko ita ce ta X-59: tsawonsa kusan mita 30 ne, kashi ɗaya cikin uku hanci ne siriri, wanda ke rarraba matsin iskar kafin ya dunƙule. Har tagar gaba babu, matuƙin ta kyamara yake kallon gabansa. NASA na fatan abin da za a ji a ƙasa ba zai wuce ƙarar rufe ƙofar mota daga nesa ba. Ta biyu ita ce ta kamfanin Boom, wanda jirginsa na gwaji XB-1 ya zarce gudun sauti a Janairun 2025. Idan jirgi ya yi nisa sama kuma bai wuce sautin da yawa ba, ƙarar kan lanƙwashe ta koma sama kafin ta iso ƙasa. Kamfanin na shirin ƙera Overture mai ɗaukar mutum 64 zuwa 80, amma har yanzu alkawari ne. A Yunin 2025, Shugaba Donald Trump ya umarci a janye haramcin 1973 a maye gurbinsa da ma'aunin ƙara.

Ko da an yi nasara, kujerun kaɗan ne, kuma kamfanin da kansa masu hawa sashen manya yake hari. Ƙaramin ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati za su daɗe suna kallo daga nesa. Amma ƙara ba ta tambayar wanda ya sayi tikiti. Jiragen ƙasashen waje na ratsa samaniyar Najeriya kullum, kuma a unguwanni irin su Mandawari da Galadanci da Diso gidaje a manne suke da juna, wasu na ƙasa ne da suka ga shekaru. Abin da ginin siminti zai jure, ba lallai ne tsohon soro ya jure ba.

NASA ta ce za ta riƙa shawagi da X-59 a saman wasu garuruwan Amurka, ta ji ra'ayin mazauna, sannan ta miƙa sakamakon ga hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, wadda Najeriya mamba ce a cikinta. A wannan zaure za a yanke yawan ƙarar da aka yarda da ita. Haƙƙin hukumar NCAA ne ta tabbatar ma'aunin ya yi la'akari da birane irin Kano tun kafin a sa hannu, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.