Horar da malaman lise kan tarihin Yahudawa da kisan ƙare dangi

Mine ne kisan ƙare dangi?

Kisan ƙare dangi shi ne a ƙudiri niyyar shafe wata al'umma saboda ƙabilarta, ko addininta, ko asalinta. Daga 1941 zuwa 1945, gwamnatin Hitila ta Jamus da masu mara mata baya sun kashe Yahudawa kimanin miliyan 6 a nahiyar Turai. Ana kiran wannan kisa Showa, kalmar da ke nufin bala'i a harshen Ibrananci. A ranar 9 ga Disamba 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana irin wannan laifi da hukunta masu aikata shi. Duk da haka, a 1994 an kashe mutane kimanin 800.000 a Ruwanda cikin kwana 100, galibinsu Tutsi.

Don mi ake horar da malamai?

Darasi ne mai nauyi. Malamin da bai sami horo ba yakan tsaya ga lissafin matattu, ko ya nuna hotunan da ke firgita yara ba tare da sun fahimci komi ba. Wani kuma yakan tsallake darasin don gudun tambayoyi. Ga shi waɗanda suka tsira daga Showa sun tsufa, kaɗan ne suka rage. Nauyin isar da labarin yana komawa wuyan malamai.

Ina ake ba da wannan horo?

A birnin Ƙudus akwai cibiyar Yad Vashem, wadda aka kafa a 1953. A 1993 ta buɗe makaranta ta musamman da ke karɓar malamai daga ƙasashe da yawa.

A birnin Paris akwai cibiyar Mémorial de la Shoah, wadda aka buɗe a 2005. Tana shirya wa malamai kwas na kwanaki lokacin babban hutu, tana kuma kai su Polan su ga sansanin Auschwitz, inda aka kashe mutane kimanin miliyan 1 da dubu 100.

A Afirka ta Kudu, cibiyar birnin Kef ta fara aiki a 1999, kuma a 2007 ƙasar ta sanya tarihin Showa cikin manhajar makarantunta. A Ruwanda, cibiyar tunawa ta Kigali, wadda aka buɗe a 2004, tana horar da malamai kan tarbiyyar zaman lafiya. Hukumar UNESCO ma ta fitar da littafin jagora a 2017 domin ma'aikatun ilimi.

Mi malamai ke koyo?

1. A fara da rayuwa kafin mutuwa. Yahudawa sun yi ɗaruruwan shekaru a Turai. A cikinsu akwai teloli, da likitoci, da ƴan kasuwa, da malamai. A Polan kaɗai sun haura miliyan 3 kafin yaƙi. Sai ɗalibi ya san yadda suka rayu kafin ya gane abin da aka rasa.

2. A nuna matakan. Wannan shi ne zuciyar horon. Kisan bai faɗo dare ɗaya ba. Hitila ya hau mulki a 1933. A 1935 aka yi dokokin da suka ƙwace wa Yahudawa cikakken ƴancin ɗan ƙasa, suka hana aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. A Nuwamba 1938 aka ƙona wuraren ibadarsu, aka farfasa shagunansu. Daga baya aka tilasta musu ɗaura alamar tauraro a riga, aka killace su a unguwanni, sannan aka kwashe su a jiragen ƙasa. A Ruwanda ma magana ce ta rigayi adda: gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai.

3. A ambaci suna. Miliyan 6 lissafi ne da ya fi ƙarfin tunanin yaro. Shi ya sa ake amfani da wasiƙa, ko hoto, ko shaidar mutum guda. A cibiyar Paris akwai bango da aka sassaƙa sunayen Yahudawa 76.000 da aka kwashe daga Faransa, cikinsu har da yara kimanin 11.000.

4. A kiyaye mutuncin ɗalibi da na mamaci. Ba a sa yara su yi wasan kwaikwayo a matsayin makasa da waɗanda aka kashe.

5. A dubi zaɓin mutane. Wasu sun kashe, da yawa sun yi shiru, wasu kaɗan sun ɓoye maƙwabtansu ko da za su rasa ransu.

Abin da ya kamata mu riƙe

A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 27 ga Janairu, ranar da sojojin Sobiyet suka ƴantar da Auschwitz a 1945, domin tunawa da waɗanda aka kashe. Amma tunawa ta rana ɗaya ba ta wadatarwa. Malamin da ya sami horo yana koya wa ɗalibai su gane alamar farko: ranar da aka fara kiran wasu mutane da sunan dabba ko ƙwaro, aka ɗora musu laifin duk wata masifa. Uba ko uwa da suka ji irin wannan magana a bakin ɗansu, ko a rediyo, ko a wayar salula, ya kamata su tsawata tun da wuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.