Buwat ɗin mota: wurin da gudu ke komawa ƙarfi

Idan albasa ta nuna a Galmi da Madawa, ko wake da gujiya suka shigo gida a ƙasar Maraɗi, mota ce jakin manomi. Ita ke kai buhuna kasuwa, ita kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Shi ya sa ƙungiyoyin manoma ke tara kuɗi su sayi tsohuwar mota. Ranar saye ana duban taya, ana sauraren kukan inji. Kaɗan ne ke tambayar lafiyar buwat, alhali gyaranta na cikin masu tsada.

Buwat akwati ce ta ƙarfe, tana manne a jikin inji. A cikinta ake canza bitas. Maƙwabtanmu na Nijeriya suna ce ma bitas giya, amma ba wadda ake sha ba.

Mene ne aikinta?

Inji yana juyawa da sauri ƙwarai, sau dubu biyu ko uku cikin minti ɗaya. Amma ƙarfin juyinsa bai isa ya tayar da mota mai kaya daga tsaye ba. Buwat ce ke rage saurin, ta mai da shi ƙarfi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin injin niƙa ya ga irin wannan. Ƙaramin faifai yana jan babba da bel. Ƙaramin yana ta sauri, babban yana tafiya sannu, amma da ƙarfi. Cikin buwat babu bel. Fayafayan ƙarfe ne masu haƙora, haƙoran wannan suna shiga tsakanin na wancan. A ce ƙaramin yana da haƙori 10, babban yana da 30. Sai ƙaramin ya juya sau 3 kafin babban ya juya sau 1. Gudu ya ragu sau 3, ƙarfi ya ƙaru sau 3.

Bitas ta ɗaya kusan haka take, shi ya sa da ita ake tashi, da ita ake hawan tudu. Ta biyu da ta uku suna rage ƙarfi, suna ƙara gudu. A motoci irin su Toyota Hilux da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, ta huɗu tana wuce da juyin inji yadda yake. Ta biyar, inda akwai ta, ta gudu ce bisa kwalta, tana rage shan mai. Ta baya tana da faifai na uku a tsakani, shi ke juya tafiyar.

Fayafayan suna jere bisa sandunan ƙarfe. Idan direba ya tura sandar bitas, wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa yana tura zobe, zoben ya kulle faifan da aka zaɓa. Akwai kuma ƙananan zobba na tagulla da ke daidaita saurin fayafayan kafin su haɗu. Idan suka cinye, nan ne ake jin ƙarar "ƙarrr" wajen sa bitas.

Tsakanin inji da buwat akwai ambiriyaji. Idan aka taka shi, yana raba su, don a canza bitas ba tare da haƙora sun fashe ba. Direban da ke barin ƙafarsa bisa ambiriyaji yana tafiya, ƙona faifansa yake yi. Daga buwat, doguwar sanda ke kai juyin ga ƙafafun baya.

Abin da ke kashe buwat

Na farko, rashin mai. Kowa ya san bidanjin inji, amma akwai motocin da suka shekara biyar ba a buɗe bakin buwat ba. Yawancin buwat suna shan mai mai kauri, wanda aka rubuta 80W-90 ko 75W-90 a jikin galan ɗinsa. Akwai ƴan kaɗan, kamar ta tsohuwar 504, da aka yi don man inji. Saboda haka a tambayi makaniki, kada a yi kirdado. Duban man ba wuya. A tsayar da mota wuri mai daidai, a kwance murfin da ke gefen buwat, a sa yatsa. Mai ya kamata ya kai bakin ramin. Motar da ke aiki cikin ƙura da nauyi, a canza mata shi wajen kowane kilomita 40.000.

Damina tana da nata sharri. Idan mota ta ratsa gulbi ko ƙorama, ruwa na iya shiga ta ƙaramin ramin shaƙar iska da ke saman buwat. Sai man ya koma fari-fari kamar fura da nono. Wannan mai ya mutu, a zubar da shi ran nan.

Na biyu, lodin da ya wuce kima. A jikin kowace mota an rubuta nauyin da take iya ɗauka. A ganinmu, ƙarin buhu biyar da ake yi don a rage sawu ba ya biyan kuɗin buwat sabuwa. Haka kuma idan mota ta kafe cikin rairayin Dakoro ko Tanut, kada a yi ta cusa ta ɗaya da ta baya da ƙarfi. A sauke kaya, a tone yashi, a rage iskar taya kaɗan. Mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙaramar sanda ta biyu. L4 na yashi ne da taɓo. Da an hau kwalta, a mai da ita H2.

Gangare da ran mutane

Wasu direbobi, idan za su sauka gangaren Buza ko Keita, sai su mai da sanda tsakiya inda babu bitas, wai tattalin mai. Wannan ganganci ne. Idan mota tana cikin ta biyu ko ta uku, inji yana riƙe ta. Idan aka sake ta, birki kaɗai ke ɗauke da nauyin. Birki ya yi zafi, ya daina kamawa. Fasinjan da ya ga haka yana da hakkin yin magana.

Yanzu motoci masu canza bitas da kansu sun yawaita a Yamai da Damagaram. Mansu daban ne, sau da yawa ja ne. Ba a tayar da su da turi, kuma jan su da igiya zuwa nesa yana lalata buwat.

Tsohon man da aka fitar guba ne. Kada a shafa shi ga gyambo, ko na mutum ko na bisa. Kada a zuba shi kusa da rijiya ko cikin garka. A wanke hannu da sabulu bayan aiki. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kuwa, kada ya dogara ga jak kaɗai, ya sa ƙarfe ko kututture mai ƙwari.

Kafin ƙungiya ta biya kuɗin mota, a tuƙa ta, a sa kowace bitas har ta baya. A saurari kuka ko gurnani. A ga ko sanda tana fitowa da kanta idan an saki totur. A bar motar tsaye na ɗan lokaci, sannan a duƙa a duba ƙasa ko mai ya ɗiga.