Mataimaki Magaji Ne: Nazari a Kan Zaɓen Abokin Takarar Shugaban Ƙasa

A duk lokacin da jam'iyyu suka gama tsayar da 'yan takararsu na shugabancin ƙasa, kafin ƙurar zaɓen fid da gwani ta lafa, sai wata muhawara ta tashi a majalisun hira, tun daga ƙofar fadar Haɗejiya har zuwa rumfunan masu kifi a kasuwa, a kan wanda ɗan takara zai ɗauka ya zama abokin takararsa. Galibin abin da ake tambaya shi ne shiyyar da mutumin ya fito, da addinin da yake bi, da yawan ƙuri'un da zai kawo. Kuma ko da yake waɗannan tambayoyi suna da muhallinsu, akwai wadda ta fi su nauyi a mizanin hankali, ga shi kuwa ita aka fi mantawa da ita: idan ajali ya riski shugaba a kan mulki, shin wannan mutum zai iya ɗaukar amanar al'umma?

Tsarin mulkin 1999 ya shar'anta a sashe na 142 cewa takarar mutum ba ta inganta sai ya gabatar da abokin takara daga jam'iyyarsa, wanda in aka yi nasara shi ne Mataimakin Shugaban Ƙasa, ba tare da an kaɗa masa ƙuri'a ta daban ba. Sashe na 146 kuma ya hukunta cewa idan shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, ko rashin lafiya ya hana shi aiki dindindin, mataimakin ne zai hau kujerar. Sai kuma sashe na 134, wanda shi ne asalin lissafin shiyya, domin bai wadatar ɗan takara ya fi kowa ƙuri'u ba, sai ya sami aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, abin da ya tilasta wa ɗan Arewa neman aboki a Kudu, ɗan Kudu kuma neman aboki a Arewa.

A kan irin wannan ƙa'ida Alhaji Shehu Shagari ya ɗauki Alex Ekwueme a 1979, Nnamdi Azikiwe ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, alhali Obafemi Awolowo ya tsaya da Philip Umeadi, dukkansu biyu 'yan Kudu, Arewa kuwa ba ta ba shi abin kirki ba. A 1993 Bashir Tofa na Kano ya tafi da Sylvester Ugoh, Moshood Abiola kuma ya ɗauki Babagana Kingibe, Musulmi da Musulmi. Shekara 29 bayan haka Bola Tinubu ya maimaita irin wannan haɗi, inda ya fara miƙa sunan Kabiru Masari na wucin gadi, sa'an nan a watan Yulin 2022 ya bayyana Kashim Shettima a Daura. Duk wannan hikimar cin zaɓe ce, kuma ba a zargin ɗan siyasa don ya yi lissafi. Sai dai lissafin yana ƙarewa ranar da aka bayyana sakamako, mulki kuwa a ranar yake farawa.

Malaman siyasar Musulunci sun riga mu tunani a kan wannan mas'ala. Imam Mawardi, a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya, ya kasa wazirci gida biyu: wazirin tafwili, wanda sarki ya fawwala wa al'amura yana zartarwa da ijtihadinsa, da wazirin tanfizi, wanda aikinsa isar da umarni kawai. Mataimakin shugaba a tsarinmu ya fi kusa da na biyu, domin sashe na 148 ya bar wa shugaba ikon ba shi aiki gwargwadon yadda ya ga dama, shi ya sa jama'a suke yi masa laƙabi da safaya taya. Amma a lokaci guda shi ne waliyyul ahdi, magajin da doka ta riga ta yi wa mubaya'a a madadin al'umma. Haɗarin da ke cikin lamarin shi ne ɗan takara ya nemi mai biyayya wanda ba zai yi masa inuwa ba, ya manta cewa magaji yake naɗa wa mutane fiye da miliyan 200.

Tarihinmu na kusa ya isa hujja. Lokacin da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauki gwamnan Bayelsa, Goodluck Jonathan, a ƙarshen 2006, mutane kaɗan ne suka auna shi da ma'aunin shugaba. A watan Nuwamban 2009 aka tafi da 'Yar'aduwa jinya Saudiyya ba tare da takardar miƙa riƙo ga Majalisa ba, ƙasa ta zauna cikin ruɗani har 9 ga Fabrairun 2010, ranar da Majalisa ta kafa hujja da larura ta mai da Jonathan muƙaddashi. Da Allah Ya karɓi ran shugaban ranar 5 ga Mayu, sai mulki ya koma hannunsa, shi kuma ya ɗauko Namadi Sambo, mutumin Zariya, daga kujerar gwamnan Kaduna. Kafin wannan an ga yadda saɓanin Obasanjo da Atiku Abubakar ya kai su gaban Kotun Ƙoli a 2007; bayansa kuma, a Fabrairun 2020, kotun ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe rantsuwa, saboda aibin da aka samu a takardun abokin takararsa.

Mutanen ƙasar Haɗejiya ba baƙin wannan darasi ba ne. A tsakiyar ƙarni na 19, saɓanin gadon sarauta tsakanin 'ya'yan Sarki Sambo, wato Buhari da Ahmadu wanda Sakkwato ta mara wa baya, ya jefa ƙasar cikin yaƙi na shekaru masu yawa. A zamaninmu kuma sun ga Malam Umar Namadi, ɗan Kafin Hausa, ya yi mataimakin gwamnan Jigawa daga 2019, ya gaji kujerar a 2023. Sun ga Sanata Ibrahim Hassan Haɗejiya, wanda ya riƙe wannan mataimakanci kafinsa, ya zama mataimakin shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a ofishin Mataimakin Shugaba. Ofishin kuwa ya shafi manomin fadama kai tsaye, domin Mataimakin Shugaba ne ke jagorantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni suke zama, shi ne kuma shugaban majalisar gudanarwar hukumar agajin gaggawa, NEMA. Saboda haka idan kogi ya cika ya batse, ambaliya ta ci shinkafar Auyo da Guri da Kirikasamma kamar yadda ta yi a 2020 da 2022, himmar mai riƙe da wannan ofishi ko sakacinsa suna iso wa har bakin gona.

Don haka ya wajaba ga jam'iyyu, da malamai masu wa'azi, da duk mai katin zaɓe, su nemi sharuɗɗa huɗu a wurin abokin takara kafin su tambayi garinsu: ilimin sha'anin mulki wanda aka jarraba a wani muƙami da ya riƙe, da amana wadda mutanen da ya shugabanta za su yi mata shaida, da lafiyar jiki da ta hankali, da zuciyar da za ta iya gaya wa shugaba gaskiya a asirce ba tare da ta ci amanarsa a sarari ba. Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya roƙi Ubangiji mataimaki, ɗan'uwansa Haruna ya ambata, ya kuma kafa dalili da fasahar harshensa, wato da cancantarsa ga aikin. Wanda ya dangwala wa ɗan takara ƙuri'a, mutum biyu ya zaɓa, kuma za a tambaye shi a kan dukkansu. Ya kamata ya san na biyun kamar yadda ya san na farkon. Allah Ya ba mu shugabanni adalai, Ya haɗa su da mataimaka na gari.