Daga Kano Zuwa Maiduguri A Jirgin Sama: Nisa Da Lokaci

Tsakanin filin jirgin sama na Kano da na Maiduguri akwai mil 310, watau kimanin kilomita 500, in an auna miƙe kamar yadda tsuntsu ke tafiya. Hanyar mota kuwa, wadda ta bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, ta kai mil 350 ko fiye. A zamanin fatake, ayarin da ke cin mil 15 a yini sai ya shafe mako uku bai ga Yerwa ba.

Wannan hanya tsohuwa ce ga jiragen sama. A ƙarshen watan Oktoba na 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka taso daga Masar, suka biyo ta Sudan, suka yada zango a Maiduguri, sa'an nan suka sauka Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma jigilar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano ta wannan gefe.

Jirgin Dakota mai farfela biyu, wanda aka yi ta amfani da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yakan ci kimanin mil 170 a sa'a, saboda haka tafiyar takan ɗauki kusan sa'a 2. Jirgin zamani marar farfela yana cin mil 500 a sa'a. Malamin da ya iya lissafi zai raba 310 da 500 ya ce minti 37 ke nan, amma lissafin nan ba ya fita daidai. Dalili kuwa shi ne jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya hau sama sosai, kuma tun da sauran tafiya mai yawa yake fara rage gudu yana gangarowa. A gajeriyar hanya irin wannan, hawa da sauka su ke cinye wajen rabin lokacin. Ga kuma iska: in ta biyo bayan jirgi ta taimake shi, in ta tare gabansa ta jinkirta shi, shi ya sa zuwa da komowa ba safai su ke zama ɗaya ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne minti 50 zuwa sa'a guda.

In kuwa tikitin ya nuna za a ratsa ta Abuja, to, nisan ya haura mil 650, fiye da ninki biyu, ban da zaman jiran jirgi na biyu.

Babban abin da ke ɓata shiri shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rufe sararin sama har matuƙi ya kasa hango filin sauka, sai a dakatar da tashi, wani lokaci yini guda cur. Hakimin da aka kira taro a wannan lokaci, ya kyautu magatakardansa ya shirya masa tafiya tun ana gobe, kada a dogara ga jirgin safiyar ranar.

Agogon Kano da na Maiduguri ɗaya ne, ba a gyara shi in an sauka. Sai dai Maiduguri tana gabas, rana takan riga faɗuwa can da kimanin minti 18, don haka mai azumi ya bi kiran sallar garin da ya sauka.